Tambayi Likita: Sikanin ya ce babu komai, bayan wata uku aka ce ƙari ne a hanji

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Mahaifinmu ɗan shekara 58 ne, hatsi yake sayarwa. Tun bayan sallar layya ta bara cikinsa ya rikice. Sai ya kwana uku bai zaga ba, sai kuma gudawa ta ɓalle, wani lokaci har da jini. Kowa ya ce basir ne, aka yi ta kawo jiƙe-jiƙe da sassaƙe. Ya rame har zoben azurfarsa ya daina zama a yatsa. Wata uku da suka wuce yayanmu ya kai shi wani shagon sikanin a cikin gari, aka ba mu takarda cewa hanta lafiya, ƙoda lafiya, iska ce kawai da alamar olsa. Makon jiya cikinsa ya kumbura kamar ganga, kwana biyar ba bayan gida, ko iska ba ta fita, daga baya amai ya biyo. A babban asibiti wani likita ya ɗora masa sikanin a kan gado, ko minti goma bai yi ba ya ce hanji ya toshe, kuma yana zargin ƙari. Aka tura mu asibitin koyarwa, can kuma suka ce sai an yi siti sikan, muka sayar da tumaki biyu muka biya. An yi masa tiyata, an yanke wani ɓangare na hanjin, an fito da bakinsa ta gefen ciki an manna leda. Naman da aka cire an kai awo, muna jira.

Likita, ta yaya na'ura iri ɗaya za ta ce babu komai, bayan wata uku ta ce ƙari? Mai shagon nan cutarmu ya yi? In sikanin ya riga ya gani, mene ne amfanin hoto na biyu, ko dai cin kuɗi ne? Kuma kawunmu ya ce mun yi ganganci, wai daji ba ya son ƙarfe. Hankalina a tashe yake.

Daga wata ɗiya mai jinyar mahaifinta, Jihar Jigawa

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, sannunku da jinya. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Na ɗan rage tsawon wasiƙarki saboda fili, amma zancen zoben nan na bar shi da gangan, zan dawo kansa.

Mai yiwuwa ƙwarai duk hotunan biyu sun faɗi gaskiyar abin da suka iya gani. Ƙarin yana nan tun wancan lokacin, kusan ba na shakka, domin irin wannan abu ba ya tsirowa ya toshe hanji cikin wata uku. Abin da ya canza shi ne abin da ke cikin hanjin.

Na'urar da muke kira sikanin da sauti take aiki. In kin taɓa leƙa rijiya mai zurfi kika yi magana, kin ji muryarki ta dawo. To haka ɗan ƙoƙon nan da ake gogawa a ciki yake yi: ya tura sauti, ya saurari amsa-kuwwarsa, kwamfuta ta mayar da ita hoto. Kunnen ɗan Adam iyakarsa sautin da ke kaɗawa sau 20,000 a sakan ɗaya, wanda muke duba ciki da shi kuwa yana kaɗawa sau miliyan uku zuwa biyar, shi ya sa ba kya jin komai. Wannan sauti yana ratsa ruwa salin alin, yana ratsa tsoka da hanta da ƙoda. Da ya ci karo da iska ko ƙashi, nan ya tsaya, duk abin da ke bayansu ya zama duhu. Man nan mai sanyi da ake shafawa kafin a fara, aikinsa ke nan, korar 'yar iskar da ke tsakanin fata da na'ura. Haka nan cewa da ake yi wa mai ƙaramin ciki ta sha ruwa ta riƙe fitsari, don mafitsara ta cika ta zama tagar da za a hango mahaifa.

Tun farkon al'amarin ma da ruwa na'urar ta yi suna. Likitan mata ɗan ƙasar Birtaniya, Ian Donald, wanda ya wallafa bincikensa a kan wannan fanni a 1958 daga birnin Gilasgo, ya fara gwaji ne da na'urar da masana'antu ke gano tsagewa a jikin ƙarfe da ita. Cikin majinyatansa na farko akwai wata mata da aka yanke wa hukuncin cewa dajin tumbi ne, babu abin yi. Da ya ɗora na'urar sai ya ga ƙatuwar jakar ruwa a ƙwan mahaifarta. Aka cire, ta tashi.

Yanzu ki tuna wankin kayan ciki ranar sallah. Ƙananan hanjin rago in babu komai a ciki a lanƙwame suke kamar igiya, uwar hanji kuwa kashi ne da iska. Na mutum ma haka: ƙaramin hanji kimanin mita shida, babban hanji kimanin mita ɗaya da rabi, kuma babban nan kusan kullum da iska a cikinsa. Wata uku da suka wuce ƙarin Baba yana manne a bangon hanjin da iska ta lulluɓe. Mai dubawa zai ga hanta tas, ya ga ƙoda tas, da ya zo kan hanji sai fari da inuwa. "Iska ce" da ya rubuta, iskar ya gani da gaske.

Ranar da hanya ta rufe kuwa labari ya sauya. Tsakanin abin da muke sha, da yawu, da ruwan tumbi, da ɗacin matsarmama da sauransu, kusan lita tara ke bi ta cikin hanjin mutum a yini guda, kusan jakar fiyawota guda ke nan, kuma hanjin ne ke tsotse mafi yawansa ya mayar wa jiki. In ya toshe, tsotsa ta ragu, ruwa ya yi ta taruwa a bayan toshiyar. Hanjin da a da ba ya ganuwa sai ya cika fam da ruwa, ya zama abin da na'urar ta fi iya gani. Ciwon da kansa ne ya buɗe wa likita taga.

Bari in gaya miki abin da likitan nan ya gani cikin mintocinsa goma, domin na sha tsayuwa inda ya tsaya. Akwai wani dare da ba na mantawa, ina aikin kwana, aka shigo da wani dattijo direban tirela wajen ƙarfe biyu. 'Ya'yansa sun ce sammu ne, shi ya ce wake ya ci a hanya. Cikinsa in ka ƙwanƙwasa da yatsa yana amsawa kamar ƙwarya. Ban ɗora na'urar a kan cibiya ba, domin mutum in yana rigingine iska sama take taruwa, ruwa ya kwanta ƙasa. Ta kwiɓi na bi. Nan take allo ya cika da baƙaƙen zobba da dogayen bututu, kamar an naɗe mesar ban ruwa. A wannan hoto ruwa baƙi yake fitowa. Na auna faɗin guda ɗaya, santimita huɗu. Ƙaramin hanji in ya haura santimita biyu da rabi, wato ya ɗan fi kaurin babban yatsa, mun fara zargin toshiya. A jikin bangonsa ga 'yan tsinkaye jere reras suna leƙowa cikin ruwan kamar haƙoran mataji, waɗannan su ne naɗe-naɗen cikin ƙaramin hanji, kuma ba a ganinsu haka sai ya cika da ruwa.

Abin da ya fi komai gamsar da ni shi ne motsi, wanda hoton eksire ba zai taɓa nunawa ba. Na tsayar da hannuna cak ina kallo. Tarkacen abinci a cikin ruwan ya taho gaba, ya tsaya, ya koma baya, ya sake tahowa, kamar motar da ta kafe a yashi direba yana ta gaba da baya. Hanji ne yake ta matsa yana neman hanya babu. Na juyo da allon na nuna wa babban ɗansa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Likita, ke nan ba wake ba ne." Gani ya kori ji.

Daga nan aikin ya zama irin na mai gyaran kwata. Inda ruwa ya taru ka bi shi, har ka kai inda gaba ta bushe, toshiyar tana tsakani. Na bi babban hanjinsa, wanda shi ma ya buɗe fiye da santimita shida, na gangaro ta hagu, can ƙasa kusa da ƙugu sai faɗin ya ƙare, bayansa hanji a lanƙwame. Daidai wurin ga wani dunƙule: baƙin bango mai kauri da ba daidai ba, tsakiyarsa ɗan farin layi. Lafiyayyen bangon hanji bai cika wuce milimita uku ba, kuma hawa-hawa yake fitowa, a tsare. Wannan ya fi santimita ɗaya, hawa-hawan ya narke. Siffarsa sak ƙoda, har a littattafan aikinmu ana kiransa ƙodar ƙarya. Mutum mai ƙoda biyu a mazauninsu, ga ta uku a inda ba a ajiye ƙoda, to sai a yi zargin ƙari. Kafin in ɗauke hannu na koma kan hanta, domin jinin hanji hanta yake fara zuwa, kuma can dajin hanji ya fi saurin yin reshe.

Akwai alamomin da in na gansu ba na jiran gari ya waye. Ruwa ya fara taruwa a waje, tsakanin naɗin hanji. Bango ya kumbura. Ko kuma, mafi muni, motsin nan na gaba da baya ya mutu, hanji ya yi shiru. 'Yan'uwa sukan ji daɗi in majinyaci ya ce murɗar ta lafa, ni kuwa a lokacin nake fara zufa, domin wani lokaci hanji ne ya gaji ko jini ya daina isa gare shi. A toshiyar babban hanji wurin da muke tsoro shi ne tukunyar da ke ƙasan ciki ta dama, inda afendis yake. Ita ta fi faɗi, bangonta ya fi sirantaka, ita ke fara fashewa. Ta haura santimita tara an shiga haɗari, ta doshi goma sha biyu sai gudu zuwa ɗakin tiyata.

To mai shagon fa, ya cuce ku? Rashin ganin ƙarin ba zan ɗora masa laifinsa ba, ni ma da na'urata mai kyau zan iya kuskure shi a wancan lokacin. Inda nake da ja da shi wuri biyu ne. Na farko "alamar olsa". Sikanin ba ya gano gyambon ciki, sai an zura kyamara ta baki an leƙa tumbi. Ba ya gano taifot kuma, duk da takardun da nake gani kullum an rubuta haka. Na biyu, ya bar ku kuka tafi da tunanin babu komai. Da ya tambayi abin da ya kawo Baba, ya ji jini a bayan gida da rama, abin da ya kamata ya rubuta a ƙasan takardar shi ne: hanji bai ganu ba, a je a ga likita. Sikanin ya dogara ƙwarai da hannun da ke riƙe da shi da kuma tambayar da aka zo da ita. In ba a ce masa ya nemi hanji ba, galibi hanta da ƙoda da saifa zai duba ya sallame ku.

Amma gaskiya ɗaya ce, mu ma muna da namu. Sikanin ya zama kamar shayi, kowa in cikinsa ya murɗa sai ya wuce shago ya ce a yi masa hoto, ba tare da likita ya taɓa shi ba. Ga inda zoben Baba ya shigo. Mutum ya haura hamsin, bayan gidansa ya sauya wata da watanni, ga jini, ga ramar da har zobe ke zamewa, wannan ko ɗalibin likita na aji huɗu ya ji ya san sai an leƙa babban hanji. Awon farko ma ba ya cin ko kwabo: likita ya sa safar hannu ya duba dubura da yatsa. Mutanenmu suna ƙyamar wannan, na sani, dattawa musamman, amma a ƙasar nan kaso mai yawa na dajin hanji a can ƙasa yake zama, inda yatsa ke iya kaiwa. Bayansa sai kolonoskofi, wato siririyar mesa mai kyamara da fitila da ake bi da ita ta dubura a ga cikin babban hanji ƙuru-ƙuru, a tsinko ɗan nama a kai awo. Ana yin sa a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Basir gaskiya ne, yana zubar da jini, amma basir ba ya ramar da mutum, kuma mai basir ma yana iya samun ƙari a samansa. Sunan basir ya binne mutane da yawa a ƙasar Hausa.

Tumakinku biyu ba su tafi a banza ba. Sikanin ya amsa tambayar gaggawa: hanji ya toshe ko bai toshe ba, kuma yana da sauran rai? A nan gwani ne, ga sauri, ga araha, ana kai shi har bakin gado, ba ya amfani da hasken eksire, ana iya maimaitawa sau goma. Amma mai riƙe wuƙa yana da wasu tambayoyin. Daidai ina ƙarin yake? Ɗaya ne ko biyu? Ya manne da mafitsara, ko bututun fitsari, ko manyan jijiyoyin jini? Kaluluwar da ke kewaye ta kumbura? Akwai wani abu a huhu? Siti sikan, wanda aka fara amfani da shi kan majinyaci a Landan a 1971, yana yanka jiki fala-fala a hoto, kuma iska ba ta tare masa gani. Da shi likitan tiyata ke sanin inda zai tsaga da girman abin da zai cire kafin ya shiga. Yana da nasa sharuɗɗan: tsada, da hasken da ba a so a yi ta maimaitawa, da ruwan allurar da ake ɗurawa don hoto ya fito, wanda sai an duba lafiyar ƙoda tukuna, musamman ga wanda amai ya busar. Kuma in majinyaci ya galabaita, ko garin babu na'urar, ba ma zama jiranta. Dattijon direban nan da sikanin da eksire kaɗai muka shiga da shi bayan mun cika shi da ƙarin ruwa, mun zura masa roba ta hanci ta zuƙe abin da ya taru a tumbi.

Ba ki tambaye ni kai tsaye ba, amma na ji tambayar a ƙarƙashin wasiƙarki: daji ne? Babu hoton da ke iya yanke wannan hukunci, sikanin ne ko siti. Sai likitan awon nama ya yanka shi siriri ya duba a madubin ƙara girma. A yankinmu akwai masu shigar burtu: tarin fuka yana kama hanji ya yi dunƙule, tsargiya ma takan yi, haka tsohon atuni. Na taɓa cire abin da na rantse daji ne, sakamako ya dawo tibi, mutumin ya sha magani ya warke sarai. Sai dai ba zan yi miki daɗin baki ba. A shekarun Baba, da irin wannan tarihi, ƙarin da ya toshe babban hanji mafi yawan lokuta daji ne. Gara ki shirya zuciyarki, in sakamako ya zo da sauƙi mu gode wa Allah. Dajin babban hanji ba baƙo ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi na uku a yawa cikin cututtukan daji, mutum sama da miliyan 1.9 suka kamu a 2020 kaɗai. Shi ne ajalin Pele, gwarzon ƙwallon Barazil, a ƙarshen 2022. Kuma yana cikin dajin da ake warkewa in an cire shi bai yi nisa ba. In takardar ta fito, ki tambayi likitansa abu uku: an cire shi duka har gefe-gefensa sun fita tas? Kaluluwa nawa aka cire, nawa ya taɓa? Baba zai buƙaci ƙarin magani ta jijiya? Ki je da takarda da biro, a irin wannan zama kai ba ya riƙe komai.

Ledar nan kuma kada ta karya masa zuciya. Hanjin da ya kwana biyar a kumbure cike da ƙazanta, in aka ɗinke bakinsa biyu a ranar, ɗinkin yana iya warwarewa a ciki, wannan kuwa ya fi toshiyar haɗari. Shi ya sa ake fito da ɗaya daga cikin bakunan waje a rufe ɗayan, dabarar da wani likitan Faransa, Henri Hartmann, ya bayyana tun 1921. Sau da yawa bayan wasu watanni, in jiki ya murmure, ana komawa a haɗa. Ko za a iya a wurin Baba, wanda ya yi aikin ne zai faɗa. Abin da dattawa suka fi tambayata ba ciwo ba ne, salla ce. Malamai sun yi bayanin hukuncin mai lalurar da ba ya iya riƙewa, ku sami malamin da Baba ya yarda da shi ya zo ya zauna da shi. Na ga wanda ya ƙi cin abinci kwana uku saboda wannan damuwa, ziyarar liman guda ɗaya ta warware abin da mu muka kasa.

Kawunku kuma ki gaishe shi, ki ce na ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Na san inda maganar "daji ba ya son ƙarfe" ta samo asali. Ana kawo mana mutum bayan shekara guda ana jiƙo, ciwo ya gama bin jiki, mu buɗe, bayan wata biyu ya rasu, sai a ce wuƙa ce ta tayar da shi. Watannin da aka ɓata ba wanda ke lissafa su. Baba kuwa ba shi da wani zaɓi: hanjin da ya rufe ruf, in ba a buɗe ba fashewa zai yi, kuma wannan kwanaki ne, ba watanni ba. Da an ƙara masa maganin wankin ciki ko an yi masa ɗure ta ƙasa a gida, kamar yadda ake yi wa mai kumburin ciki, da abin ya zo da wuri.

Saura ku 'ya'yansa. In sakamako ya tabbatar daji ne, ke da yayyenki da ƙannenki, da 'yan'uwan Baba na ciki ɗaya, haɗarinku ya ɗara na sauran mutane. Ƙa'idar da ake bi ga wanda mahaifinsa ya kamu kafin shekara 60 ita ce ya yi kolonoskofi yana ɗan 40, ko da lafiyarsa ƙalau. Yawancin wannan daji daga ɗan tsiro yake farawa, kamar ƙurji mai wuya, yana ɗaukar shekaru kafin ya rikiɗe, kuma da kyamarar ake tsinke shi a zama ɗaya. Yayan naku da ya kai Baba shago, in ya kai arba'in, da shi za a fara.

TAMBAYA

Likita, ɗana ɗan wata takwas ya kama kuka yana naɗe ƙafafu, ya yi shiru, ya sake. Daga baya ya yi kashi mai majina da jini. Sikanin ya nuna wai hanji ya shige cikin hanji, aka ɗura masa ruwa ta dubura ya warware ba tare da tiyata ba. Wata maƙwabciya ta ce ƙari ne ke jawo haka. Gaskiya ne?

Daga wata uwa, Maraɗi

AMSA

Maman yaro, barka da arziki, kun yi saurin zuwa asibiti, shi ya sa ruwa ya wadatar. Kwantar da hankalinki. Wannan lalura ta fi kama yara daga 'yan watanni zuwa shekara uku, wani yanki na hanji ya zurma cikin na gabansa kamar yadda hannun riga ke shigewa ciki in an tuɓe da sauri. A yara irin naki mafi yawanci babu wani ƙari, 'yar kaluluwar bangon hanji ce ke kumbura bayan mura ko gudawa. A nan sikanin shi ne sarki, domin cikin jariri ba kitse, ba nisa, abin yana fitowa zobe cikin zobe kamar an yanka albasa, har ana kallon warwarewarsa a allo lokacin da ake ɗura ruwan. Maƙwabciyarki ta ji rabin zance ne: in babban mutum ya sami irin wannan, to galibi akwai wani tsiro da ya ja hanjin, kuma shi tiyata ake yi masa. Abu ɗaya za ki kula da shi, yakan dawo ga wasu yara, musamman a kwanakin farko. In kika ga irin kukan nan mai zuwa yana tafiya, ko amai kore, kada ki tsaya kemis.

TAMBAYA

An rubuta mini sikanin ciki, an ce kada in ci komai. In na sha koko kaɗan fa?

Daga wani ɗalibi, Zariya

AMSA

Ɗan'uwa, haƙura da kokon. Abinci yana sa matsarmama ta matse ta tsiyaye, sai ta ƙi ganuwa, yana kuma ƙara iska a hanji. Awa shida zuwa takwas ake so, shi ya sa aka fi yin sa da safe. Ruwa zalla ba laifi, amma ban da lemon kwalba da cingam. In kana da ciwon suga kana shan magani ko allura, ka gaya musu tun ranar da za su ba ka lokaci, su sa ka a sahun farko. Wannan duk ga wanda ya zo da ƙafarsa ne. Wanda aka kawo ciki a kumbure yana amai, a yadda ya zo ake duba shi.